Fankar Yaya Bashir

Talata da dare, unguwar Bobiel, Yamai.

Katin hoton ordinatar Yaya Bashir, wato kwamfutarsa, ya ƙone yau, kuma ni ce na ƙona shi.

Mako uku ke nan da na ƙara masa gudu fiye da ƙa'ida, don in gama haɗa bidiyon bikin ƙawata da wuri. Lambobin ƙara gudun a intanet na kwafo su, wajen wani Bature mai rigar sanyi. Ni kuwa ɗakin kwano nake, a tsakiyar bazara.

Tun farko Malam Isufu mai gyara a Zongo ya ce, "Ƙanwata, a cire tsohuwar fankar ordinatar nan a sa babba. Zafin Yamai ba ya wasa." Na ce ɓarnar kuɗi ce.

Da la'asar allon ya ɗauke, sai ƙauri. Na kai wa Malam Isufu katin, ya jujjuya shi, ya ce, "Sai haƙuri."

Ƙarya na yi masa, ba kuɗi ba ne. Tun rasuwar Yaya, in fankar nan tana gurnani sai in ji kamar yana ɗaki yana aikinsa. Shi ya sa na hana a taɓa ta.

Yanzu ɗakin shiru.