Ba Ɓargonka Ne Ya Gaza Ba

Zuwa ga ɗana Bilyamin a Jidda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya tsare ka a baƙon wuri. Mu nan ƙauye alhamdulillahi. Mahaifinka ya koma hawasha, gonarsa, an sako ruwa a tur'ar ban ruwa, ya shuka dawa gwargwadon ƙarfinsa. Kasuwar Rufa'a ma ta fara cika.

Ɗan'uwanka Mahadi ya gaya mini abin da ka faɗa masa a waya, wai da ɓargonka na kirki ne da ƙanwarka Huda tana raye. Tun da na ji ban samu natsuwa ba, shi ya sa na zaunar da 'yar'uwarka Ilham ta rubuta maka wannan.

Da shabakar waya ta dawo, na sa an kira mini daktorar da ta yi muku dashen ɓargon a Masar. Ta ce ɓargon da aka ɗiba daga ƙugunka yana da ƙwayoyi iri biyu. Akwai masu saurin rabuwa, su ne ke fara cika jiki da jini, amma ba su daɗewa. Akwai kuma uwayensu, 'yan kaɗan masu jinkiri, waɗanda in sun zauna daram suke haifar sababbi har ƙarshen rayuwa. Jinin da muka gani ya hau wa Huda, har tafin hannunta ya yi ja, aikin masu saurin ne. Uwayen ba su kama ba. Ta ce hakan kan faru ko da ɓargo lafiyayye ne, kuma da Huda ta isa gare su da wuri, da sun sake gwadawa.

Nan ne zuciyata take ciwo. Mun ga sauƙi muka ɗauka an gama. Muka dawo gida, muka yanka ragon karama, sadakar godiya ga Allah, kai ma ka tafi nema da kwanciyar rai. Lokacin da ta soma haki in ta ɗauko ruwa, yaƙi ya riga ya iso jiharmu ta Jazira, an rufe hanya, ba mota, ba waya. Ina kallonta tana fari, ba ni da abin ba ta sai kunu da addu'a. Da ma mun ƙara zama a can Masar.

Amma ka sani, watannin da ka ba ta ta ci su da daɗi. Ta je bikin ƙawarta Huseina ta yi rawa. Ita da ba ta taɓa son yaji ba, sai ga ta tana zuba shatta a kisra kamar kai, tana dariya tana cewa jinin Bilyamin ne ke nema.

Mahaifinka, Mahadi, Ilham da gwaggonka Sabuwa suna gaishe ka. Ka kira ni da kanka, ya waladi, ɗana, ka daina aiko da saƙo. Ɗiya ɗaya na rasa, ba biyu ba.

Mahaifiyarka,
Sakinatu