Kwalaben Gwaggo Fatsuma

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Sani da yara. Yaya haƙuri da ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a baƙon wuri. Nan gida kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da masu tallar nono, kin ji alamar warkewa. Sagiru ya gama jarrabawa, yana jiran sakamako a kan katifa.

Kin tambaye ni labarin ajin manyan mata da ƙungiyarmu ta ba ni a wani ƙauye bayan Miga. An fara tara mu kwana uku a otal, aka koya mana cewa babba ba a ɗura masa karatu. A tambaye shi abin da yake bukata, ya kawo kayansa na gida, ya koya da hannunsa. Shugabanmu Malam Nata'ala ya maimaita haka sau bakwai, bai tambayi ko ɗayanmu komai ba. Ni dai na yarda da tsarin, har yau ma na yarda. Da na je na tambayi matan. Gwaggo Fatsuma, wata dattijuwa mai awaki huɗu, ba miji, ba ɗa a kusa, ta ce ita ba ruwanta da rubuta sunanta, ai ta san shi. So take ta karanta abin da ke jikin kwalaben maganin dabbobi. Na ji daɗi, na ce mako mai zuwa kowa ta zo da nata.

Abin da ba a faɗa mini a jami'a ba shi ne, ba mai kai wa baƙuwa daga Dutse kaya da dauɗa. Toka da soso suka sa suka goge kwalaben tas, takardun jiki duk suka saɓule. Gwaggo ta ajiye nata biyu a gabana suna ƙyalli, da sauran magani a ciki, tana ba ni haƙuri wai ɗaya ba ta fita sosai ba. Na yi dariya, na ɗage darasin, na rubuta a littafina cewa na gano wani abu game da al'ada. Ban tambaye ta yadda take bambance su a da ba. Ashe da launin takarda ne: mai kore ta tsutsar ciki, a ɗura, mai ja ta kaska, a yi wanka. Bayan kwana uku ta ɗura wa awakin na wanka. Uku suka mutu kafin la'asar. Ranar farko na rubuta wa matan a allo wai rashin sani ya fi dare duhu. Ban san da kaina nake ba.

Na je jaje. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, ta ce kwanansu ne ya ƙare, in saki fuska kada a ce ba ta karɓe ni da kyau ba. Na ce zan kawo sababbin kwalabe mu fara tun daga ranar. Ta yi godiya, ta ce ta huɗun ma ta ba mahauta da ta ga tana rangaji, saboda haka yanzu ba ta da wanda za ta yi wa karatu. A ba wata gurbinta.

Malam Nata'ala ya ce in sa ta cikin waɗanda hidimar gida ta hana zuwa, domin dalilan barin aji uku kaɗai takardar rahoto ta sani: aure, ƙaura, hidimar gida. Takardar tana kan teburina yau kwana tara. Ban cike ba, kuma ranar Asabar zan koma ajin.

Ki gaida Yaya Sani, da Musaddiq, da maƙwabciyarki Angelina. Inna tana gaishe ku, ta ce ki riƙa kira. Ki sa Gwaggo Fatsuma a addu'a, in da saura ki sa ni.

Ƙanwarki,
Zakiyya