Na Karɓi Gaisuwar Ɗana Yana Raye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, admin ki ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce a Jurf, nan Madina, ban yi karatu ba, da baki na faɗa aka rubuta.

Ina da ɗa, na fari, ba zan kama sunansa ba. A zamanin da ake aika saƙo a kaset ya samu tafiya karatu Faransa. Shekararsa guda sai ga ambulan, wasiƙa da hoto. Maigidana direba ne, ya kai alhazai Makka, sai na ajiye masa wasiƙar, hoton kuwa na ƙulle a bakin mayafi na tafi da shi wurin bikin suna a Uhudu. Yaron ne tsaye cikin wani rami mai fitilu, kwalabe jere har inda ido ya ƙare, duk kawunansu a ƙasa, Turawa kewaye da shi suna dariya. Na riƙa miƙa wa mata ina cewa ɗakin haɗa magunguna ne, likita zai zama. Wa ya faɗa mini haka? Ba kowa, bakina ne.

Sai wata amarya haifaffiyar Madina ta juya bayan hoton ta karanta da Larabci, da ƙarfi, wai ranar da makaranta ta kai su ziyara ramin da ake ajiye giya mai kumfa. Hajiya Gambo, maƙwabciyata, ta ajiye finjalin gahawa ta ce, "Mabruk Yaya, Allah ya sa maganin ya karɓe shi." Aka kwashe da dariya, har masu rabon tuwo suka leƙo. Kafin la'asar zancen ya kai wurin maza.

Washegari na kai wasiƙar wa wani malami ɗan Kano da ke karatu a jami'a, ya karanta mini. Yaron ya ce bas aka cika da ɗalibai, suka sauka matakala cikin sanyi, suka ga wani tsoho yana juya kwalabe ɗaya bayan ɗaya da hannu, aikinsa ke nan tun yana saurayi. Da aka miƙo kofuna a ɗanɗana shi ya ƙi, aka ba shi ruwa, abokansa suna masa tsiya. Ya ce ya rubuto ne don mu san bai ɓoye mana komai. Malamin ya ce in kwantar da hankalina. Ni kuwa dariyar nan ce kawai a kunnena. Na dawo gida na sa wasiƙar a murhu.

Da maigida ya dawo ya tarar da zancen a ƙofar masallaci. Ya tambaye ni ko akwai wasiƙa, na ce hoto ne kaɗai. Ya ɗauko rikoda ya yi kaset, ya ce ɗan da ya tashi a maƙwabtan Manzo ya shiga ramin giya ba nasa ba ne, kada ya sake tako Madina. Ya miƙo mini, na ƙara da nawa, na ce da na sani da a zanin goyo na bar shi. Bayan wata biyu maigida ya shelanta cewa yaron ya rasu a can. Na zauna kwana uku ina karɓar gaisuwa, Hajiya Gambo ta fi kowa kuka, ita ta dafa mana shinkafa. Wallahi ranar na ji sanyi a raina, don ba wanda ya ƙara dubana da dariya.

Wasiƙu sun ci gaba da zuwa, ina ƙonawa, har suka daina. Maigida ya rasu bai san akwai ta farko ba. Ƙannen yaron sun yi masa sadaka, ɗaya ma ya sa wa ɗansa sunansa.

To makon jiya ɗan nawa ya samo lambar ƙanwarsa, ta kusa suma. Ciwon daji gare shi, likitoci sun sallame shi, yana so ya zo ya cika a Madina a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Aka kara mini wayar, na ji muryar dattijo. Bai yi kuka ba, bai nemi gafara ba. Cewa ya yi, "Ummi, an ce kin yi zaman makokina. Mutane sun zo da yawa?" Na ce sun zo. Ya ce to alhamdulillahi, an rage miki aiki.

Sharaɗinsa ɗaya, ba zai shigo a ɓoye ba, sai na faɗi gaskiya a gaban 'ya'yana da unguwa, har zancen wasiƙar, don malamin nan ɗan Kano ya daɗe da sanar da shi cewa ta iso hannuna. Hajiya Gambo tana nan da ranta, bakinta bai tsufa ba. Jikokina kuma a kaina ake musu misali da haƙuri.

Ku gaya mini, in tara su in tona kaina da furfurata, ko in ce wa ƙanwarsa ta daina ɗaga wayar? Ta ce abin da ya rage masa bai kai wata biyu ba, kuma gobe zai sake kira.