Kasetin Inna Ba Zai Zo Ba

Bur Dubai, 14 ga Maris, 2019

Zuwa ga Yaya Zailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Saratu da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, aikin asibiti ne dai ba hutu. 'Yarka Muhsinat ta shiga aji huɗu.

Na kalli fim ɗin da ka turo mini na mutanen Hawaii da rawar gargajiyarsu da suke kira hula. Ya yi kyau, ba ƙarya. Na ga yadda ɗalibar nan ta shekara goma tana bin tsohuwar malamarta, ba ta taɓa fita fili ba sai da tsohuwar ta ba ta izini. Ka ce ya taɓa maka zuciya, kai ma za ka shirya fim a kan kiɗan ƙwaryar Innarmu, wai in aiko maka kasetinta tunda shi kaɗai ya rage da muryarta.

Yaya, ashe kana da zuciyar da ake taɓawa? Ranar da ka dawo daga jami'a ka tattake ƙoren Inna a tsakar gida, ka ce tana zubar maka da mutunci a gidajen biki, ni ce na tsince sakainar. Shekara tara ta yi bayan nan, ko baiti ɗaya ba ta ƙara rerawa ba har ta rasu. Yanzu don ka ga wasu can bakin teku suna girmama tsohuwarsu, shi ne ka tuna kai ma kana da gado? Haba! Wallahi ko kunya ba ka ji.

To, Juma'ar da ta wuce na saurari kasetin sau biyu, na shiga abra, kwale-kwalen da ke tsallakar da mu zuwa unguwar Deira. Da muka kai tsakiya na sake shi cikin ruwa. Khalas, shi ke nan. Ban kwafa ba, kada ma ka wahalar da kanka tambaya. Na yi kuka sosai, amma ban yi nadama ba.

Waƙoƙin Inna goma sha ɗaya da ke cikin kasetin duk suna kaina. Ina koya wa Muhsinat bayan la'asar, a kan robar wanki, tunda babu ƙwarya a nan. Sharaɗi ɗaya na kafa mata, kada ta taɓa rera su a gaban kawunta. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata komai, ban rage ba.

A gai da Anti Saratu, da Gwaggo Maimuna, da Rilwanu.

Ƙanwarka,
Asama'u