Abin da na faɗa wa Hajo a ƙarƙashin benci

Talata Mafara, daren Laraba, cikin bazara



Da hantsi ina tambayar 'yan aji huɗu abin da suka lura da shi a majigin da aka haska mana jiya, na yaran da suka shiga wani akwati suka koma zamanin kakanninsu. Sun burge ni ƙwarai. Wani ya ce manya ba sa taɓa yarda da maganar yara, wata ta ce mugu cikin taɓo kawai ake tura shi, ba a nuna jini.

Sai harbi ya tashi daga hanyar dam, inda manoma suka tare motoci saboda gonakinsu da aka ƙwace. Na kwantar da yaran a ƙarƙashin benci. Ta taga na ga masu kaki sun biyo wani tsoho, suna dukansa da gindin bindiga har ya daina kare kansa.

Hajo, ɗaya daga cikin yaran, ta zabura za ta fita. "Malama, sake ni, baba na can!"

Na danne ta da gwiwa. Ta gantsara mini cizo har jini ya fito. Na ce, "Ke, a majigin nan akwai uban da bai koma gida ba?"

"Babu."

"To kwanta."

Ta kwanta. Allah ka yafe mini.

Da ƙura ta lafa na taho da ita gidana. Bayan magariba kawunta ya zo, rigarsa jina-jina. A bakin ƙofa ya tsaya, ya rage murya. "Malama, riƙe ta nan har gobe. Mu ukku munka rufe babanta, ko likkafani babu."

Ga ta nan tana barci a kan tabarmata. Sai da ta sa na rantse zan tashe ta da zarar babanta ya iso.