Sunan da Ka Kasa Faɗa

Daga Ma'u a Bida, zuwa ga wana Abarshi a Kakangi. Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya damina?

Bayan haka, ina nan lafiya. Ina yi wa matan Nufawa daka suna ba ni tuwo, tarin ma ya yi sauƙi. Kada Inna ta ji zancen tarin.

Fatake sun ba ni labari kun zauna sulhu da maharan da suka kwashe mana yara da shanu. Da matan gari suka zo, sai kuka kore su, wai ba zaman mata ba ne. Kowane sa sai da kuka faɗi launinsa da ƙahonsa aka maido shi. Da aka zo kan yara, kowa ya kira sunan nasa, kai kuwa ka sunkuyar da kai ka ce "yarinyar nan", don Safiyatu 'yar farinka ce, kana jin kunya. Maharan suka ce ba su san wata yarinyar nan ba, aka shafa fatiha.

Yaya, ni na goye ta. Da kun bar mace ɗaya ta zauna, da ta faɗi sunan, har da tabon ƙunar da ke hannunta.

Kada ka sake aikowa in dawo. Zan bi ayari zuwa Ilori, an ce an ga mai irin tabon nan a can.

Allah ya raya maka shanunka. Ni duk kasuwar da na shiga sai na kira sunan da ƙarfi, tunda ubanta ya kasa.

Wassalam.