Itatuwan da Na Shekara Talatin Ina Zagi

Goggo Kinue, ki taimake ni, yau kwana uku na kasa zama wuri ɗaya!

A saman gonar shayinmu akwai itatuwan hinoki tara da kakan Shigeharu, maigidana, ya dasa. Shekara talatin ina mita a kansu: sun tare wa shayina rana, ganyensu kullum ya toshe magudanar ruwa. Amsar maigida ɗaya ce: "Bar su, Maman Mieko, ba su gama girma ba."

To, ranar Litinin sai ga Tokuji, tsohon kafintan da ke gyara ɗakin ibadar garinmu. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa, ya kara hanci yana shaƙar ƙamshinsu. Wai shekara biyu yana neman ginshiƙai miƙaƙƙu irin waɗannan, kuma katakonsu zai yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba. Goggo, itatuwanmu fa! A ɗakin da aka ɗaura mana aure! Don murna har shinkafa na ƙona.

Ga matsalar. Maigida ya ce a sare duka taran, yana ta tsokanata: "Ba rana kike nema ba? Ga ta nan tafe." Ni kuwa yanzu ba na so. Na tuna guguwar bara da ta yaye rufin maƙwabta ta bar namu, ga 'yarmu Mieko da za ta so gina gida da katakonsu wata rana. Amma da wane baki zan ce a bar su?

Mai Shayin Kan Tudu, Nara

'Yar'uwa, ina taya ki murna!

Mijinki bai yi laifi ba. Don katako aka dasa su, ga shi sun sami aikin da ya dace da su. Amma ke ma kina da gaskiya: su ne ke tare muku iska, saiwoyinsu ke riƙe ƙasar tudun, kuma wanda ya sare irinsu ba zai ga girman madadinsu ba.

Ki tambayi Tokuji ginshiƙi nawa yake buƙata tsakani da gaskiya. Kafinta irinsa ba zai so a share gonar ba. Ku ba shi uku ko huɗu daga ɓangaren da iska ba ta bugowa, a sare su da hunturu, ku dasa sababbi a gurbinsu.

Batun baki kuwa, ki dubi Shigeharu ki ce masa ya fi ki hangen nesa. Zai yi ta faɗa wa duk wanda ya shigo gidan har sabuwar shekara. Ki daure, ya cancanta.

Ina muku fatan alheri. Ranar da za a kafa ginshiƙan, ku biyu ku tsaya a sahun gaba.